Ƙarfen Kuloci Ya Zama Turken Rago

Shekara ashirin da shida ba wanda ya ɗora sifana a kan Fijo 404 ta Alhaji Mutawakil sai ni. Da ya rasu, matarsa Hajiya Zuera ta ce ba za ta sayar ba, kuma fitan Alhaji, wato makanikensa, shi ne fitanta. Duk unguwar Nima in an ga tsohuwar motar nan tana tafiya an san aikin waye. Abin da ya rage min na suna ke nan, sauran masu mota sun koma wajen masu kwamfuta.

Ranar Asabar na sauke giyabos ɗin Fijon, na sa sabon farantin kuloci. Farantin nan sai ya zauna daidai tsakiya kafin a ɗaure shi. In ya kauce ko da kaurin farce ne, giyabos ba zai koma ba. Ina da ƙarfen da nake saita shi, sandar wani mataccen giyabos da na yanke tun ina saurayi. Kullum yana rataye bayan ƙofar gareji. Na duba, sai ƙusa.

A gidana na Maamobi na same shi. Imurana, ƙanin matata Fauziya, zai yi suna washegari. Ya kafa shi a ƙasa da guduma ya ɗaure rago.

"Yaya, ai tsohon ƙarfe ne, har ya yi tsatsa," in ji shi.

"Kai ma ka yi tsatsa, wa ya kafa ka a ƙasa?"

Na tumɓuke shi. Bakin ya ci karo da dutse ya lanƙwashe, haƙoran sun daku. Ya gama aiki.

Ina komawa Hajiya ta kira. Litinin za ta ɗauko jikarta daga unguwar Madina, kuma a motar Alhaji ta yi alkawari.

"Masta Iddrisu, kwana tara ke nan motar tana wajenka. In la'asar ta yi motar ba ta tashi ba, Jalilu zai zo ya ja ta."

Jalilu! Ni na koya masa riƙe sifana, yanzu ya buɗe gareji a Kokomlemle har da allo mai fitila. Na san yana da irin abin saitin na roba, akwati guda. Waya ɗaya ta isa. Ban kira ba, kuma ko yau ba zan kira ba.

Na saita da ido. Na kwanta, na ɗora giyabos a ƙirji na tura. Ya ƙi. Na kwance, na sake. Ya ƙi. Na uku ya zame ya murƙushe min babban yatsa. Na zagi motar, na zagi ragon, sannan na yi istigfari saboda Alhaji.

Na koma gida da azahar. Mata sun cika tsakar gida da aikin suna. Na zare muciyar Fauziya daga cikin tukunya.

"Baban Najat, ka haukace ne?"

A gareji na feƙe ta da wuƙa, na naɗa mata tef har ta cika ramin farantin. Na saita, na ɗaure, na zare. Na ɗora giyabos na tura. Ƙwas! Ya shige kamar bai taɓa gardama ba.

Daidai nan ladan ya kira la'asar. Kafin in fito daga ƙarƙashi, motar jan motoci ta tsaya a bakin kwata, Jalilu ya sauko da farar riga.

"Masta, sannu da aiki."

"Ya shiga. Noti shida suka rage, ba ni rabin awa."

"Wallahi Masta, Hajiya ce ta turo ni. Ka yi mata magana."

Na kira ta sau biyu, ba ta ɗauka ba.

Ya leƙa ƙasa, ya ga giyabos a zaune, ya ga muciya a gefe da ragowar tuwo a gindinta. Bai yi dariya ba, da ma ya yi. Suka ja motar ina tsaye.

Litinin Fijo ta wuce ta unguwar Kanda tana sheƙi, jika a baya. Mai shayin kusa da ni ya ce, "Masta, yaron nan Jalilu yana da hannu fa."

Fauziya kuma har yau muciyarta take tambayata.