Mai Baro a Ƙofar Tashar Yara

Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma ranar bazara ta riga ta gasa rufin Tashar Ƙuruciya, gidan talabijin na yara da ke unguwar Gesse. Asabar ce, ranar da iyaye ke kawo yaran da ba su isa makaranta ba, a ɗauke su suna waƙa da Anti Iyabo.

A unguwar Nasarawa, nan cikin gari, aka haifi Iyabo, iyayenta 'yan kasuwa ne daga kudu, Hausar Kabi kuwa a bakinta ta tashi. Abin da take tinƙaho da shi ɗaya ne: tasharsu ba ta talla. Kwanakin baya wani mai man bilicin ya zo da kwalabensa yana so a nuna su tsakanin waƙoƙi, ta raka shi har waje. Bai yi fushi ba. Baro ya samo, ya kafa laima a bakin ƙofa, duk uwar da za ta shiga sai ta bi ta gabansa.

Aka kunna manyan fitilu. Yara suka jeru a tabarma, Iyabo ta ɗauko Lanti, 'yar tsanar da ke koya musu ƙirge, fara sol mai jan kumatu. Ana cikin tafi wata yarinya ta ƙwalla ƙara, ta rufe fuska da hannuwa.

"Inna, zafi! Zafi!"

Iyabo ta sa aka tsaya, ta durƙusa gabanta. Ɗayyaba sunanta, ba ta wuce shekara huɗu ba. Kumatunta sun yi jajir suna ɗayewa, gaɓoɓin yatsunta kuwa baƙi wuluk, kalar da Allah ya ba ta.

*

A baranda ta tare uwar, Sadatu, wadda ta biyo motar sassafe daga Argungu.

"Maman Ɗayyaba, mi kinka shafa ma ɗiyag ga?"

"Man yara ne, Anti. Wajen mai baron ƙofarku na saye wancan zuwan, ya ce ba shi da illa."

"Mai baro likita ne? Dubi fuskarta, don Allah. In kinka ci gaba, tabon nan da shi za ta girma."

Sadatu ta gyara mayafi.

"Ke kin samu wuri, Anti, kina cikin talabijin da baƙinki. Ita fa? Kullum tana gidan maƙwabta tana kallonku. Ran nan ta ɗebo toka a murhu ta shafe fuska, wai ita Lanti ce. Ta ce in cuɗa ta da ƙarfi ko ta fita. Ni na koya mata?"

Iyabo ta dubi 'yar tsanar da ke hannunta har yanzu. Ita da ta kori mai talla da bakinta, ashe kullum da safe tana ɗaga wa yara wata tallar, tana yi mata waƙa.

Ba ta tsaya dogon tunani ba. Ta jefa Lanti a akwati, ta ce a kashe fitilu, a fitar da tabarma gindin dogonyaro inda akwai inuwa. Ta ɗora Ɗayyaba a cinya, ta haɗa tafin hannunta da nata a gaban kyamara.

"Yau da yatsunmu za mu ƙirga. Wa ke da irin nawa?"

Hannuwa suka tashi sama. Ɗayyaba ta ƙirga har biyar ba ta yi kuskure ba, sannan ta ɗago kai.

"Anti, ina Lanti?"

"Ta yi tafiya, 'yar ƙanwata."

*

Da aka tashi, Sadatu ta ja hannun ɗiyarta ba sallama. Iyabo na tsaye a baranda ta ji muryar mai baro.

"Hajiya, an kawo sabo! Wanga mai sanyi ne, ko rana ba ya tsoro!"

Sadatu ta wuce shi kaɗan. Sai ta rage tafiya. Sai ta dawo ƙarƙashin laima.

Ɗayyaba ce ta rugo ciki da takalmi ƙafa ɗaya, ta manta ɗayan a gindin bishiya. Iyabo ta ɗauko ta sa mata. Ta buɗe jakarta, ta ciro 'yar robar man kaɗanyar da take shafawa, ta zura a aljihun rigar yarinyar, ta ja zif ɗin.

Daga bakin ƙofa uwar ta ƙwala kira. Yarinyar ta zare ƙafarta ta ruga, ko waiwaye ba ta yi ba.