Saniyar Hamman

"Ta sake dawowa," in ji Inna Saude.

Daga Kano nake, ko takalmi ban cire ba. Ta nuna mini ƙofar gida da haɓa. Baƙar saniyar nan ce, Ɓaleye, tsaye a gindin darbejiya, guntun igiya na reto a wuyanta. Ta kafa wa zauren ido.

Baffa Maikano, mijin Inna Saude, maƙwabcinmu ne a Dangora. Katanga ce kawai tsakaninmu. Shekarar da ciwon bushiya ya share masa garke, amininsa Hamman ya ba shi karsana habbanaye. Haka suke yi a Fulani: ka riƙe ta, ta haifa maka, maruƙan naka ne, uwar kuma ka koro ta da ƙafarka har gaban mai ita. Kafin lokacin mayarwa ya yi, Hamman ya kwashe iyalinsa ya koma Garwa ta Kamaru. Baffa ya yi ta cewa bayan girbi, bayan girbi, har ƙafafunsa suka kumbura.

Ɗansa Ubale, kwandasta a motar Kano, shi ya kawo dabara. A sayar wa Shitu mahauci saniyar, a aika kuɗin ta banki. Ɗan Hamman ya aiko da lambar asusunsa ta hannun wani direban tirela. Ni na gama sakandare ina zaman kashe wando, saboda haka ni aka aika.

Akawun bankin ya duba lambar, ya dube ni.

"Malam, wannan lamba ce ko jirgin ƙasa? Tamu ko rabinta ba ta kai ba."

Ya ce zai buga waya Legas. Da na koma, aka ce ba a gane bankin ba. Da na sake komawa, aka ce lambar reshe ba ta yi daidai ba. Yau kuwa ko zama bai ba ni ba, ya turo mini kuɗin ta ƙasan gilashi.

Kuma duk ranar da banki ya ƙi, kafin in sauka a tasha Ɓaleye ta tsinke igiya a gidan Shitu ta dawo. Ban gaya wa kowa na lura ba.

Ɗakin Baffa duhu ne ko da rana tsaka, sai warin man zafi. Ubale na zaune a bakin ƙofa. Na durƙusa na gaida tsohon.

"Sun karɓa?"

"Ba su karɓa ba, Baffa. Sun ce lambar ba ta shiga."

"Ba ta shiga ina?"



Baffa ya daɗe yana kallon azara. Can ya ce, "Hamman ya zo ɗazu."

"Mafarki ne, Baba," in ji Ubale.

"Nan ya tsaya, inda kake zaune. Wajen turke kawai ya duba."

Ubale ya gyara zama ya matsa daga wurin.

Sai ga sallamar Shitu daga zaure. Ya shigo da sabuwar igiya a kafaɗa, amma bai kwance ta ba.

"Baffa, sannu da jiki. Ni dai na zo ne kawai. Shekara nawa ina fawa, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ba ta kuka, ba ta tunkuyi, kallo kawai. Yarana sun ce wallahi ko a bakin aikinsu ba za su kayar da ita ba."

"Ba shi abinsa," Baffa ya ce da ni.

Na miƙa wa Shitu kuɗin. Ya karɓa da sauri kamar mai gudun a fasa, ya fita.

"Haba Baba!" in ji Ubale. "Garwa fa ba Kiru ba ce. Tafiyar ƙasa, ga iyaka, ga 'yan kwastan. Bari a sake neman wata lambar."

"Hamman bai ba ni lamba ba. Saniya ya ba ni." Baffa ya ja numfashi. "Ba zan shiga rami da ita a wuyana ba. Saude, miƙo mini sandata."

Inna ta kawo sandar kiwon ta sa masa a hannu. Ya yunƙura zai tashi, ya koma. Ya sake yunƙurawa. Daga nan ya daina, sai harshensa kawai ke ƙas, ƙas, yadda yake kiran shanu in za su fita. A waje Ɓaleye ta yi kuka, karo na farko tun da aka sayar da ita.

Kafin la'asar ya cika. Da ƙyar aka zare sandar daga yatsunsa.

Bayan an kai shi, saniyar ta ƙi dusa, ta ƙi harawa. Ta juya wa zauren baya, ta fuskanci gabas. Masu zuwa gaisuwa kan ratse ta nesa da ita.

Ranar sadakar uku da hantsi, Ubale ya fito da sandar ubansa da gorar ruwa. Takalmin roba ya saka. Bai iya riƙe sandar ba, kamar ƙarfen ƙofar mota ya kama ta.

"Ban san hanya ba," ya ce mini.

"Ka tambaya a Tudun Wada."

Ya kwance guntun igiyar daga wuyanta. Bai kora ta ba, ita ta yi gaba. Na raka su har bayan gari, inda hanya ta rabu: ta mota a dama, tsohon burtali a hagu, wanda ciyawa ta kusa rufewa. Nan ta tsaya. Ubale ya tsaya a bayanta, bakinsa a rufe.

Ta ɗaga kunne ɗaya ta karkata shi gefe, yadda take yi in Baffa ya kira ta. Sannan ta shiga burtalin.

Ubale ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya, ya bi ta. Na tsaya har ciyawa ta haɗiye su. Tsakanin saniyar da shi akwai tazarar mutum ɗaya, kuma bai cike ta ba.