Kujerar da Aka Bari a Waje

Kwana arba'in Musanna ya ba matarsa Wasan, ba ƙari. Idan shagon kayan ƙamshin da ta nace sai ta buɗe a tsohuwar kasuwar Mosul ya tsaya da ƙafarsa, za su zauna. Idan bai tsaya ba, za su sayar da gida su bi ƙanensa Turkiyya, inda aka ce aikin tuƙin mota yana jiransa. Bango yake kallo da ya faɗi haka, kamar yadda ya saba duk lokacin da ya san maganar za ta yi mata zafi.

Wasan ba 'yar kasuwa ba ce. Shekara goma sha tara ta yi tana koya wa 'yan mata lissafi a gabashin kogi, iyayenta kuwa ma'aikatan gwamnati ne, ko gishiri ba su taɓa aunawa ba. Musanna ne ɗan kasuwa jikan 'yan kasuwa. A layin masu kayan ƙamshi ya tashi, yana soya gahawa a shagon mahaifinsa, har yaƙi ya zo ya kwantar da shagon ƙasa. Tun daga ranar bai sake taka gadar da ke kaiwa tsohon gari ba. Abu ɗaya aka tono masa daga ɓaraguzai, wata kujera 'yar tsugunno ta katako, an ɗaure mata ƙafa ɗaya da waya. Shekaru tana bayan ƙofar kicin, ba mai zama a kanta, ba kuma mai maganarta.

Ita kuwa Wasan duk sati sai ta ƙetare, kuma duk zuwa sai ta tarar da sabuwar ƙofa. Wannan ya buɗe shagon sabulu, wancan yana fenti, can gaba ana ɗaga allo. Ta sha gaya wa mijinta cewa mutanen da ke shirin gudu ba sa sayen fenti, shi kuma ya ce ai ba a hana mutum wauta da kuɗinsa.

Ranar da za ta buɗe, ta ɗauki kujerar nan ba tare da ta gaya masa ba. Tunaninta mai sauƙi ne: tsofaffin mata za su zo, ƙafafunsu za su gaji, ga wurin zama. Ta dasa ta a bakin ƙofa, ta jera kirfa da kanumfari da busasshen lemun tsami, ta cika wata babbar kwalba da haɗin yajin kubba, abincinsu na dunƙulen nama da alkama, wanda ta koya wurin kakarta. Sai ta tsaya bayan ma'auni tana jiran mai saye.

Tsofaffi biyu ne maƙwabtanta. Daura da ita akwai Hajji Zannun, siriri mai farin gemu, wanda ya fi kowa daɗewa a layin. A hagu kuma Abu Sabah, mai tumbi da muryar da ake ji daga bakin masallaci. Suka yi mata barka, suka aiko da shayi. Ta lura dukansu sun daɗe suna kallon kujerar, amma ta ɗauka wayar da ke ƙafarta ce ta ba su mamaki.

Kafin hantsi ta yi cinikin farko. Daga nan fa sai ga mutane. Mata da maza, masu neman citta, masu neman hulba, wasu ma sai sun shigo suke tambayar me take da shi. Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi. Kujerar dai ba a cika zama a kanta ba, amma Wasan ta bar ta a waje tun safe har rufewa, don ta ga kamar tana ƙara wa shagon kwarjini.

Da yamma takan koma gida hannunta rawaya da kurkum, ta zube a tabarma, ta kira mijinta da alkunyarsa ta ce, "Abu Ziyad, yau ko sallar azahar da ƙyar na samu na yi."

"To, Allah ya sa ɗorewa," yake cewa, ba ya ƙarawa.

A rana ta takwas har ta fara tausayin tsofaffin nan. Ga su nan zaune, ƙuda kawai suke kora. Ta ce a ranta zamani ne, mutane sun fi son shago mai tsabta da haske. Har ta yi niyyar ba Hajji Zannun shawara ya canza fitila.

A rana ta goma sha ɗaya wata dattijuwa ta shigo, gajera, ta ja baƙar abaya, ba ta ko kalli kayan ba. Ta zauna daram a kan kujerar ta ce, "Ke ce malamar?"

"Ni ce, Hajjiya. Me za a auna miki?"

"Hankali, in kina da shi. Ni ce Nuriya, matar Hajji Zannun, wancan tsohon da kika mayar ɗan aikenki. 'Yata, Allah ya yi miki albarka, yaushe za ki shigar da kujerar nan ciki?"

Wasan ta ce ba ta gane ba. Hajjiya Nuriya ta dube ta sama da ƙasa, ta ga da gaske take, sai ta tafa hannu.

"Wai ba wanda ya gaya miki? Kowane mai shago a layin nan da safe yakan fitar da kujera. Da ya yi cinikin farko sai ya shigar da ita. Wanda ya shigar da tasa, in wani mai saye ya zo, sai ya leƙa layi. In akwai kujerar da ke waje, can zai tura shi, ya ce je ka wurin maƙwabcina, yana da irinsa. Haka iyayensu suka yi. Ke kuwa taki tun safe har magariba tana waje. Kwana goma sha ɗaya mijina mutum ɗaya yake sayar wa a rana, Abu Sabah ma haka. Jiya wake muka ci, shekaranjiya wake."

Kunya ta rufe Wasan har kunnuwanta suka yi zafi. "Amma ai suna ganin mutane na fita da kaya."

"Suna gani mana, makafi ne? Ba a kallon hannun mai saye, kujera ake kallo."

"To me ya hana su gaya mini?"

"Ya za a yi namiji mai gemu ya ce wa sabuwar maƙwabciya ta daina karɓar alheri? Kullum sai Zannun ya ce Abu Sabah ya faɗa, Abu Sabah ya ce ai Zannun ne babba. Kuma sun gane kujerar. Ta Hajji Abduljabbar ce, surukinki. Zannun ne ya ɗaure mata wayar nan da hannunsa. Ranar da kika fito da ita, da ya dawo gida ko abinci bai iya ci ba."

Wasan ta ɗauki kujerar ta kai ta can ƙuryar shago. Ranar mutum shida suka shigo bayan tafiyar Hajjiya Nuriya, ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, abin da ba ta taɓa samun lokacin yi ba. Zuciyarta ta yi nauyi ƙwarai. Duk abin da take kai wa mijinta gida ashe aron cinikin tsofaffi ne, kuma saura kwana ashirin da tara.

A kan gada ta yi ta shawara da kanta. Tana iya yin shiru, ai Musanna ba ya zuwa bare ya gani. Amma malamar lissafi ce, ta san amsar da aka kwafa ba ta kai ɗalibi ko'ina. Suna gama cin abinci ta gaya masa komai, har da waken.

Musanna ya dube ta. Can sai kafaɗarsa ta fara rawa. Ya yi dariya har ya kwanta, ya tashi, ya sake kwantawa. "Kwana goma sha ɗaya. Ummu Ziyad, sojoji ba su kori Abu Sabah daga layin nan ba, ke kin kusa korarsa da kujera." Rabon da ta ji wannan dariyar har ta manta. Sai kuma ya share ido, muryarsa ta canza. "Har yanzu suna yi? Na ɗauka abin ya mutu tare da su Baba."

Da safe ta tarar da shi a bakin ƙofa ya sa takalmi. Suka fita tare. A kan gada ya riƙe ƙarfe sau ɗaya, ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Abu Sabah ne ya fara ganinsa. "Kai, ɗan Abduljabbar, sai yanzu? Ka turo mana matarka ta cinye mu, kai kana gida kana barci."

Hajji Zannun ya taso. Ya riƙe fuskar Musanna da hannu biyu ya sumbaci goshinsa. Da aka kawo shayi ne ya ce, "Ɗana, shekara biyar ina fitar da kujera ina shigar da ita, ba wanda zan tura wa kowa, sai wannan mai tumbin. Daga sallar layya zuwa yau ƙofa bakwai aka buɗe a layin nan. Wake na kwana goma ba komai ba ne."

"Goma sha ɗaya," in ji Abu Sabah.

Wasan ta fitar da kujera yadda ake yi, ta koma bayan ma'auni. Aka daɗe ba mai shigowa. Mutane na wucewa, wasu na shiga wurin tsofaffin, ita tana gyara kwalaben da ba sa bukatar gyara, tana jin idon mijinta a kanta. Sai wata mata mai jan yaro ta wuce shagon Hajji Zannun, ta wuce na Abu Sabah, tana leƙe-leƙe.

"Nan ne wurin malama mai yajin kubba? Wancan satin Hajji ya turo ni. Uwar mijina ta ce in ban ƙaro ba kada in dawo gida."

Wasan ta auna mata. Matar na fita, ta zo za ta shigar da kujera, Musanna ya riga ta. Ya ɗaga ta, ya shafa wayar da babban yatsa. Maimakon ya yi ciki da ita, sai ya wuce ƙofa biyu, zuwa inda aka sake gina bangon shagon mahaifinsa, ba rufi, ba ƙofa. Ya ajiye ta a nan ya zauna, yana auna faɗin wurin da ido.

"Hajji," ya ce, "wa ke ƙera kaskon suyar gahawa yanzu?"

Hajji Zannun ya buɗe baki, amma Abu Sabah ya riga shi. "Don girman Allah ɗauke ta daga nan sai ka zuba kaya. Gidanku ɗaya kun isa ku kashe kasuwa."

Musanna ya yi kamar bai ji ba, ya ƙara gyara zama. Wasan ta juya ta fuskanci kwalabenta, don kada layi duka ya ga malama tana kuka.