Zobba Uku a Katakon Maɗaci

Tobiya kafinta ne a unguwar Mayo Gwoi da ke Jalingo, kuma dattijon ikilisiya tun shekara goma sha tara da suka wuce. Mutum ne da ba ya faɗin abin da bai yarda da shi ba, ko a kasuwa ko a gaban Allah. Hali ne mai kyau, amma mai shi yakan ɗauka duk abin da ya yarda da shi gaskiya ne. A nan Tobiya ya yi tuntuɓe.

An ba shi aikin allon da za a kafa a gaban mumbarin wa'azi ranar Lahadin Triniti: zobba uku sarƙe da juna, alamar Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Allah ɗaya. Ran Alhamis da hantsi Fasto Michael ya sauka daga keke Napep don duba aikin. Fasto sa'an ɗan Tobiya na biyu ne. Ya karkata kai yana kallon allon, sannan ya ari tef ɗin da ke wuyan Tobiya ya auna.

"Baba, hannunka ya kuskure. Zobban ƙasa ba su kai na sama ba. Yatsa biyu."

"Hannuna bai taɓa kuskuren yatsa biyu ba. Ni na rage na Ɗa, na Ruhu ya bi shi."

"Saboda me?"

"Saboda ladabi. A gidanmu in ubana yana kan kujera, ni ina ƙasa. Har na yi furfura ban sa hannu a kwano ɗaya da shi ba. Yanzu ka ce in sassaƙa Ɗa kafaɗa da kafaɗa da Ubansa? A wane gida aka yi maka tarbiyya?"

"A gidan da aka yi maka baftisma, Baba."

Tobiya ya ajiye guduma. "Ban ƙi Yesu ba, shi ne Mai Cetona. Amma aiko shi aka yi. Ya durƙusa ya yi addu'a. Wanda ya durƙusa da wanda aka durƙusa wa, tsayinsu ɗaya ne?"

Fasto ya yi bayani mai tsawo, cewa Ɗa ba Uba ba ne, Uba ba Ɗa ba ne, amma Allahntakarsu ɗaya ce, babu babba babu ƙarami. Gaskiya ya faɗa, sai dai ya faɗe ta kamar mai amsa jarrabawa, Tobiya kuwa bai ji komai a ciki ba sai makaranta.

"Wannan allo ba zai hau mumbari ba," in ji Fasto daga ƙarshe. "Kuma ran Lahadi kai ne za ka ja jama'a faɗin shaidar bangaskiya. In ba ka yarda da abin da ke ciki ba, kada ka tsaya."

"To ba zan tsaya ba. Kujerar dattawa ma ku ba wani."

Fasto ya tafi. Tobiya ya jingina allon da bango, fuskarsa a ciki. Shekara goma sha tara yana faɗin kalmomin nan kowane mako, ashe a ransa yana rage musu yatsa biyu. Yanzu da aka auna, ba zai iya sake faɗa ba.

Washegari ya shiga motar Sunkani. Patricia, ƙanwar marigayiya matarsa, ta rasa ɗanta John, maciji ya sare shi a gonar doya. Tobiya ba ya aika wakili wurin makoki. Ko ƙafa na ciwo sai ya je da kansa, kuma yana riƙe da sunan duk wanda ya aiko yaro lokacin rasuwar matarsa maimakon ya zo.

Ya tarar da Patricia a kan tabarma a ƙofar ɗaki, idanu sun kumbure. A gefe ga buhun shinkafa da wani ɗan'uwansu mai hali ya aiko da direba daga Abuja.

"Sannu, Maman John."

"Yauwa, Baban Rufus. Ka ga shinkafa? Ta iso lafiya. Tun jiya nake jira ta yi mini gaisuwa."

Suna cikin haka mai unguwa ya shigo, tsoho Abbo, Bafulatani Musulmi wanda ko ciyaman yakan cire takalmi a ƙofarsa. Matasa suka ruga suka kawo masa kujerar roba. Ya ture ta da sanda. Ya tattare babbar rigarsa fara, ya zauna a ƙasa, ba ma kan tabarma ba, a turɓayar da ruwan daren jiya ya jiƙa. Kansa bai kai kafaɗar Patricia ba.

"Munyal," ya ce mata da Fulatanci, wato haƙuri. Bai ƙara ba. Ya zauna nan kusan rabin awa.

Maza suka zame daga benci ɗaya bayan ɗaya suka zauna a ƙasa. Tobiya ma ya zame. Ya dubi tsohon da laka a gefen rigarsa, ya ga babu wanda ya fi shi girma a gidan nan, kuma zaman ƙasa bai rage masa komai ba.

Bayan mai unguwa ya tafi, Patricia ta ce, "Kwana biyu ina faɗa da Allah, Baban Rufus. Na ce masa, kai kana can sama, me ka sani game da rami da ƙasa a kan fuska? Sai da safen nan na ji kunya. Ai ya sani. Ya shiga."

"Ɗansa ya shiga," in ji Tobiya a hankali.

"To Ɗansa wane ne? Direba?" Ta dube shi da jajayen idanu. "Kai da kake dattijo. In wanda ya mutu a kan gicciye ƙaramin ma'aikaci ne, ai Allah shinkafa ya aiko mana. Ni ba na son shinkafa. Wanda ya kwanta a kabari kafin John ya kwanta, Allah ne, cikakke, kamar Ubansa."

Tobiya ya tuna durƙuson da ya kafa hujja da shi jiya, sai ya gan shi a wata fuska dabam: wanda sama ba ta isa ta ɗauke shi ba, gwiwarsa a turɓaya. Wanda ya ƙera itace tun kafin a yi kafinta, an kafa shi a jikin itace da ƙusa. Shi Tobiya, da ba ya yafe wa mai aiko wakili, ya shekara da shekaru yana tuhumar Allah da aiko wakili, yana kiran abin ladabi. Tsoro ya kama shi, irin wanda ba ya sa mutum gudu. A motar komawa Jalingo kwandasta ya yi masa magana sau uku kafin ya ji.

Zoben da aka riga aka yanke ba ya ƙaruwa. Sai sabon katako, kuma babu mai faɗin da ake bukata a shagonsa, in ban da guda ɗaya. A saman rufi akwai katakon maɗaci da ya ajiye shekara shida don murfin akwatin gawarsa, kowa a layin ya san da shi. Da asubahin Asabar ya sauko da shi, ya share ƙura.

Ba shi da abin zana da'ira sai ƙusa da zare da fensir, yadda maigidansa ya koya masa. Ya ɗaure zaren sau ɗaya, ya ja ƙullin da haƙori. Ya kafa ƙusa, ya zagaya. Ya cire, ya kafa a dama, ya zagaya da zaren nan. A nan, wurin zoben Ɗa, ya tsaya ya cire hula. Sannan ya yi na uku.

Da la'asar Fasto Michael ya biyo, da niyyar ba da haƙuri kan zafin maganar ran Alhamis. Ya ga allon, ja wur, yana ƙamshin sabon yanka. Ya dubi saman rufi, ya ga wurin wayam.

"Baba, ba katakon akwatinka ba ne wannan?"

"Su Rufus su nemo wani. Ga tef, auna."

"Ba sai na auna ba."

"Auna, yaro. Da ido na yi shekara goma sha tara."

Fasto ya auna na sama, ya auna na dama, ya auna na hagu, ya miƙa masa tef ɗin da hannu biyu.

"Gobe za ka tsaya?"

"Zan tsaya," in ji Tobiya. "Amma ka gaya wa mai gangar ikilisiya kada ya gaggauta ni. In na zo wurin Ɗa, a hankali zan faɗa."