Farin Wake da Jan Wake

Shekara goma sha tara ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a nan Dakoro, ban taɓa zaton za a wayi gari a ɗauke ni aiki don in zama wadda ba ta san kome ba. Aikin da Munira ta ba ni ke nan, kuma na karɓa da hannu biyu.

Munira ɗiyar maƙwabciyata Hamsatu ce, a hannuna ta koyi riƙon alli. Ta tafi Yamai karatun halayyar ɗan Adam, abin da matan unguwarmu suka taƙaita da cewa za ta zama likitar tunani. Abu ɗaya ya rage a ba ta diploma, wato ta yi bincike, ta rubuta, ta tsaya gaban malamai ta kare shi. Malaminta, wani Mushe Attaher, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, wanda ban taɓa gani ba amma na gaji da jin sunansa, ya riga ya maido mata da na farko, ya ce hira ce ba bincike ba. Wannan na biyun shi ne na ƙarshe. In ya faɗi, shekara biyar ta bi ruwa.

Abin da take son sani ba shi da wuyar faɗi. Da an gama girbi mazanmu suna watsewa ci-rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya, su bar mata da yara da tunani. Munira ta tsara wani zama na kowace Asabar, inda mata za su koyi jan numfashi a hankali, su faɗi abin da ke cin ransu, sauran su saurara ba tare da an ba kowa shawara ba. Tambayarta ita ce, wannan zaman yana rage damuwa ko ba ya ragewa?

Na ce mata ai wannan ko tunkiyata ta san amsarsa. Ta dube ni irin duban da nake yi wa yaro in ya ce biyu da biyu biyar ne. Ta ce zato daban, sani daban. In mace ta ji sauƙi bayan mako shida, wa ya san ko zaman ne, ko kuwa mijinta ne ya kira, ko zafin rana ne ya ragu? Don haka sai an raba matan kashi biyu. Kashi ɗaya a yi musu zaman, ɗaya a bar su yadda suke, a gwada su duka kafin da bayan. Bambancin da ya fito tsakaninsu, shi ne aikin zaman. Kuma ba ita za ta zaɓi wa zai shiga ina ba, ƙuri'a za a yi, don kada son kai ya shiga. Mushe Attaher ya gargaɗe ta har sau uku cewa in kashi biyun suka cuɗu, aikin ya mutu.

Mata arba'in take nema. Ta samu talatin da tara, ta cike da uwarta, tunda Abarci, mahaifin Munira, shekara uku ke nan yana Libiya, kuma wayarsa ta fi ruwan bazara wuyar zuwa.

Ranar ƙuri'a kilas ɗina ya cika har tagogi, don labari ya riga ya zaga cewa awaki za a raba. Munira ta zuba wake ashirin fari, ashirin ja a cikin ƙwarya, ta rufe da zane. Kowace ta sa hannu ta ɗauko ɗaya. Ni an kore ni waje, domin ni ce zan cika takardun tambayoyi, kuma doka ta ce kada in san wace ce ja, wace ce fara, kada tausayina ya karkatar da bik ɗin da nake rubutu da shi. Ina tsaye gindin iccen bedi ina jin kome ta taga.

Azumi, yayar Abarci, wadda babu biki ko suna ko rasuwa a unguwar da ake yi ba da saninta ba, ita ta ɗauko fari. Ta juya shi a tafin hannunta.

"To ɗiyata, mu masu hwarin mi za a ba mu?"

"Ba kome, Goggo. Jira za ku yi sati shidda, in an gama sai a yi maku naku."

"Jira kuwa mun iya shi," in ji Azumi. "Shi muke tun da mazan sunka tahi."

Aka yi dariya. Munira ta sa masu jan wake suka yi alkawari ba za su faɗa wa kowa abin da ake yi a zaman ba, suka amsa da to baki ɗaya. Da ta tambaye ni, da na gaya mata cewa irin wannan to ɗin ladabi ne kawai. Ba ta tambaye ni ba, ni kuma an ce ban san kome ba.

Rashin sanin nawa bai kai azahar ba. Kowace mace ta shigo cika takarda, kafin ta zauna sai ta ce, Madam Sa'adiyya, ni ja ce, ko kuma ni dai fara aka ba ni. Na toshe kunne na ci gaba. Tambayar farko a takardar ita ce, kina cikin damuwa? Mata bakwai a jere suka ce lafiya lau, sai godiya, har da wadda na san ta sayar da gadonta a makon. Sai da Munira ta sake tambayoyin, suka koma kan barci da cin abinci da ciwon kai da faɗuwar gaba, sannan bakuna suka buɗe. Suka buɗe har na yi da-na-sani. Kowace takarda lamba ce a kanta, ba suna, kuma na rantse ba zan faɗi abin da kowa ta gaya mini ba, ko ga Munira.

Aka fara. Kowace Asabar da hantsi mata ashirin suna zaune a kan tabarmi a kilas ɗina, hannu a kan ciki, suna jan numfashi suna ƙirga huɗu. Munira tana rufe tagogi, tana sa ido a ƙofa. Abin da ba ta sa wa ido ba shi ne katanga.

A unguwarmu ba ka dafa abu mai ƙamshi ka ci kai kaɗai. Ana zuba kwano a miƙa ta kan katanga, kuma kwanon ba ya dawowa wayam. Azumi ba ta ga dalilin da zai sa numfashi ya fi miyar kuka tsada ba. Tun Asabar ta farko ta tara matan a gidanta bayan la'asar, ta haɗa kowace ja da farar da ta fi kusa da gidanta. Ja ta fito daga zama, ta ci abinci, ta wuce gidan fararta ta maimaita mata duk abin da aka yi, ta zauna ta saurare ta. Wadda ta yi fashi, Azumi tana aika mata. Ni da na riƙe rajista shekara goma sha tara, ban taɓa ganin tsari mai kyan wannan ba. Na sani, kowa ya sani, har mai sayar da icce ya sani. Munira kaɗai ke yawo da kaye, littafin rubutunta, a hammata tana cewa kome na tafiya daidai.

Me ya hana ni gaya mata? Na gaya wa kaina cewa ni ba a son in san kome. Gaskiyar ita ce ina tsoron bakin Azumi, kuma a raina ina ganin ta fi Mushe Attaher gaskiya.

Mako shida ya cika, na sake cika takardu arba'in. Munira ta kawo ordinatarta, wato kwamfuta, gidansu, muka zauna a rumfar tsakar gida da safe, ina karanto lambobi tana shigarwa. Hamsatu tana gefe tana tsince zogale. Da aka gama sai na ga fuskar yarinyar ta canza. Masu ja sun samu sauƙi sosai. Masu fari ma sun samu, har sun ɗan ɗara, tunda su har ɗaki ake kai musu. Bambancin da aka sha wahalar mako shida dominsa babu shi.

Ana cikin haka Azumi ta yi sallama, ta zo jin sakamako. Da ta ji duka sun samu sauƙi sai ta rangaɗa guɗa, ta zauna ta ba da labarin aikinta daki-daki, tana jiran a gode mata.

"Goggo, kin kashe ni," in ji Munira. "Wanga aiki shi ne diplomata."

"Ke kika tara mata arba'in, kika sa aka tona masu ciki har sunka yi kuka, sannan kika ce ashirin su koma gida a ga iyakar wuyar da za su sha. Mu kuma mu zauna muna kallo ta katanga?" in ji Azumi.

Munira ta yi bayanin cewa in ba a gwada haka ba, ba wanda zai yarda maganin yana aiki, kuma matan Kornaka da Sabon Maci ba za su taɓa samunsa ba. Gaskiya ta faɗa. Azumi ta ce ita dai ba ta san matan Kornaka ba, Habi ta sani, da ke bayan katangarta ba ta barci. Ita ma gaskiya ta faɗa.

Munira ta koma kan ordinatar tana duba lambobin ɗaya-ɗaya kamar mai neman allura a rairayi. Can sai ta ɗago da murna. A cikin masu fari akwai guda ɗaya da ba ta motsa ba, ta ma ƙara lalacewa. Lamba ashirin da bakwai. Barcinta ya ragu, cin abincinta ya ragu, faɗuwar gaba kullum. Ga shi nan, in ji ta, ga abin da ke faruwa in ba a yi zaman ba. Nan take ta kira Mushe Attaher ta zayyana masa. Muna jin muryarsa ta waya, a natse, yana cewa mutum ɗaya ba kashi ba ne, ba a kwatanta ashirin da ɗaya. Ta rubuta abin da ya faru tsakani da Allah, malamai za su duba, amma shi bai yi mata alkawarin kome ba.

Ni dai na sunkuyar da kai, don ni na cika takardar ashirin da bakwai, sau biyu, kuma na riƙe rantsuwata kamar wani abin kirki. Munira ta ciro takardar sunaye daga ambulan da ta liƙe tun ranar ƙuri'a, don ta ga wace ce Azumi ta manta. Ta bi layin da yatsa, yatsan ya tsaya a kan sunan uwarta.

"Ban manta ta ba," in ji Azumi a hankali. "Sau ukku ina aiko Habi, tana maida ta daga ƙohwa."

Hamsatu ba ta daina tsince zogalenta ba. Ta ce ai ta ji abin da malamin ya ce, in aka cuɗu aikin ya mutu. Kuma ranar Asabar ta farko da ta tambayi Munira abin da suka yi a lakwal, Munira ta ce mata, Inna ke fara ce, ba ni iya gaya maki. To ta ga tunda kowa ya ɓata, gara a samu ko mutum guda da bai ɓata wa yarinyar ba.

"Na dai yi daidai ko? Ban ɓata maki ba?"

Mako shida suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin tuwo kwano ɗaya, kuma sai da na'ura ta gaya mata uwarta ba ta barci. Na ji haushin Munira, na ji haushin Mushe Attaher, amma na fi jin haushin kaina.

Munira ta rufe ordinatar. Ta janye tiren zogalen daga cinyar uwarta, ta durƙusa gabanta, ta kama hannunta ta ɗora mata a kan ciki. Ta ce ta ja numfashi a hankali, za ta ƙirga mata huɗu. Hamsatu ta janye hannun, ta juyo ta dube ni, ni mai riƙe da takardu.

"Madam, sati shiddan sun cika? Kada in yi tun lokaci bai yi ba."