Hannun Malam Ɗalha a Kan Sarki

"Ka taɓa sarki, Baba," in ji Hamza, alƙalin wasa, murya ƙasa-ƙasa.

Malam Ɗalha ya dubi yatsunsa kamar na wani. Shekara tara ke nan Sha'aibu, maƙwabcinsa mai tuƙa keke napep, yana zama gabansa a ƙungiyar ches, darar Turawa, ta Gumel, bai taɓa cin sa ba. Kullum buɗewar tsohon ɗaya ce: a taku na biyu ya miƙa soja kyauta, in ka haɗiye ya fito da doki ya hana ka sakat. Yau ma, a wasan ƙarshe na gasa, Sha'aibu ya haɗiye. Sai hannun da ya nufi doki ya karkace, ya sauka kan sarki.

"A bar shi ya sake mana," wani ya ce daga benci.

"Ni na koya muku dokar. Abin da ka taɓa, shi za ka tura." Malam Ɗalha ya tura sarkin waje, fili fetal.

Sha'aibu ya sako sarauniya, bai ɗaga kai ba, bai ga gumin da ke tsattsafo wa tsohon ba. Taku goma sha shida, aka gama.

"Yau dai kura ta ci mai ita!" Hamza ya yi dariya.

Washegari da hantsi kuka ya tashi ta bayan katangar su Sha'aibu: Malam Ɗalha ya rasu. Hawan jini ne, aka ce. Tun jiya hannun dama yake masa nauyi.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Sha'aibu ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna Talatu, matar marigayin, ya kasa haɗa ido da ita.

"Inna, ciwo ne ya karkatar masa da hannu, ni kuwa na far masa. Ko ya tafi da ni a rai?"

Ta gyara mayafi. "Kai Sha'aibu! Da ya shigo cewa ya yi, 'Talatu, yau yaron nan bai ji tausayina ba. Ya zama ɗan wasa.' Har ƙarin tuwo ya nema, ya ci da hagu, ina masa faɗa."

Sha'aibu ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan tabarma. A tsakar gida akuyar marigayin tana ta jan igiya, ba wanda ya tuna ya ba ta harawa. Ya tashi ya ɗebo mata, ya tsaya yana kallo tana ci.