Sitiyarin Baba Ajimi

Taraktar ƙungiyar manoman tattasai ta Chétimari ta girme ni. Ja ce a da, in ji waɗanda suka san ta da ƙuruciya. Ranar da suka ɗauko ni daga garejina na Diffa, na kama sitiyarinta na juya kusan rabin zagaye kafin tayoyin gaba su san da su ake.

"Haka take," in ji Baba Ajimi, direbanta. "Tun daga nesa ake fara lallashinta."

Shekara goma sha tara yana tuƙa ta, kuma duk yankin babu wanda ya iya da ita sai shi. Mutum biyu sun gwada. Ɗaya ya faɗa da ita magudanar ruwa, ɗaya ya kwashe rumfar mai shayi. Tun da tashin hankali ya raba tsohon da gonarsa ta bakin kogin Komadugu, kujerar nan ce abincinsa, ita ce kuma ta sa ake gaishe shi da hannu biyu.

Muhammad, shugaban ƙungiya, shi ya gaji. Duk ranar da ciwon baya ya kwantar da Baba Ajimi sai huɗa ta tsaya, ga dashen tattasai ba ya jiran kowa.

Na cire sitiyarin, na kwance akwatin da ke ƙarƙashinsa. Rulma ce ta ci, wadda ƴan Najeriya ke ce wa boris. Ba zan ce cire ta na yi ba, tsince ta na yi ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na wanke gurbin da gazuwal, wato man dizal, na buga sabuwa, na cika ta da giris. Duk wannan aiki tsohon yana tsaye a kaina.

"Ɗana, ka bar mata ɗan wasa mana."

"Baba, ai wasan ne aka kira ni in kashe."

Da na ɗaure komai aka ce ya hau ya gwada. Ya miƙe tsaf. Saura taki goma ya kai ƙarshen gona ya fara juya sitiyari, yadda hannunsa ya saba. Tarakta kuwa ta ji magana nan take, ta karkata ta bi ta kan irin tattasan wata ƴar ƙungiya, Fatime, komi huɗu, na dashen mako mai zuwa. Fatime ta dubi irinta, ta dubi tsohon, ta ce, "Sannu da aiki, Baba."

Sai Muhammad ya hau, shi da tuƙinsa bai wuce na ƙaramar mota ba. Ya je ya dawo, layi kamar an ja da zare, hannu ɗaya ma yana riƙe da hula. Aka yi ta sa mini albarka. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura, har na karɓi buhun busasshen tattasai ban yi ko tayin ƙi ba.

Ranar Talata, kasuwar Diffa na ci, sai ga Baba Ajimi a gareji. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Tsohuwar rulmar nan da ka cire, ba ta mayuwa?"

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji a kan aikin da ya yi kyau ba. Na ce masa gutsi-gutsi ta fito.

"To," ya ce. Ya daɗe yana kallon motocin ƙungiyoyin agaji da ke jiran gyara. "Masu waɗannan, ba ka ji suna neman mai gadi ba?"